Inna Ba Ta Faɗin Sunan Baba

Laraba, bayan isha'i, Goronyo

Alhamdu lillahi, yau fom ɗina ya yi aiki! Har yanzu murmushi nike ni kaɗai.

Shafin rajistar da nike gina ma ƙungiyar mata masu turara shinkafa ya so ya ba ni kunya. Manhajar da nike ginin a kanta ita ke fiddo fom da kanta, ga gurbin "sunan miji" dole a cika. Shekaranjiya na kai ma Inna ta gwada, ta ture wayar.

"Ke Hadiza, mi ya same ki? Ni in faɗi sunan ubanki?"

Tun da anka yi aurensu "Malam" take ce mai, haka ƙawayenta duka ke yi da mazansu. Kuma wadda ba ta yi rajista ba, ba ta da layi a injin casa.

Sai na zauna na rubuta fom ɗin da hannuna a HTML, harshen da aka gina shafukan intanet da shi. Mace ta zaɓi unguwarsu, ta taɓa gidansu da laƙabin da anka san shi da shi. Manhajar dai ita ke tantancewa ta adana. Da fari ta yi ta ƙin karɓa, har na kusa kuka, ashe wani layin rubutu na tsaro da take nema a cikin fom ɗin na manta. Ina sa shi, ta karɓa.

Da la'asar Inna ta taɓa "Gidan Malam mai albasa", rajista ta shiga. Ta dubi wayar, ta dube ni.

"To, yanzu kin koya mata kunya."