Sule Mai Giɓi

Badariya, Birnin Kebbi
4 ga Maris, 1984

Zuwa ga Yaya Maliki,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni ne Abdussamadu, wanda ya saki ƙanwarka Laure shekara huɗu da suka wuce.

Ka tuna sule mai giɓi da aka tarar ƙarƙashin matashin Innata ranar da ta rasu. Dangi suka ce Laure, mai jinyarta, ta kai wa boka ya yanke shi. Na yarda da su.

Jiya na nuna sulen ga Malam Kalilu, wani malamin sakandare mai tara tsoffin kuɗi. Ya ce ba hannun mutum ba ne. A gidan buga kuɗi inji ke huda fallen ƙarfe yana fidda sulalla. In fallen bai gusa sosai ba, sai hudar ta hau kan ramin baya, sulen ya fito da giɓi. Ya nuna mani bakin giɓin sumul, ba sawun zarto, rubutun kusa da shi ya dushe, gefen da ke daura da shi ma bai tashi ba.

Na zalunce ta, Yaya. Ka roƙar mani izini in zo.

Ƙaninka,
Abdussamadu

Argungu
15 ga Maris, 1984

Abdussamadu,

Muna lafiya. Takardarka ta iso, na karanta wa Laure.

Da ciki wata biyu ta bar gidanka, ta hana a gaya maka. Ta haifi ɗiya, Aminatu. Maganar sulen ta biyo su har nan, mata suka hana ɗiyansu wasa da ita. Ƙyanda ta ɗauke ta bara, bayan girbin shinkafa. Goshinka gare ta.

Laure ta ce in rubuta nata jawabin yadda ta faɗa. Ga shi a ciki.

Wassalam,
Maliki

Malam,

Ina gaishe ka. Mai albasa ya ba Inna sulen nan canji a kasuwar Augie, kowa ya ƙi karɓarshi, sai ta ajiye. Na gaya maka haka ranar, gaban kowa, ina riƙe da ƙafarka.

Na yafe maka don Allah. In ka zo, Yaya zai nuna maka kabarin Aminatu. Ni kada ka neme ni.

Ka huta lafiya.
Laure