Gonar bakin rafi da masu gudu da wasiƙu

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taka? Yaya su Gwaggo da yara, yaya damina? Mu nan Riyad lafiya lau, sai zafi.

Ranar Juma'a na je kasuwar Aziziya sayo wa maigidana tumatir, na haɗu da wani dattijo ɗan Maraɗi yana dako. Da ya ji sunan garinmu sai ya sauke kwalin da ke kansa, ya ce, "Kai jinin Malam na gidan waya ne?" Ashe kakansa na cikin masu gudu da jakar wasiƙu a ƙafa zamanin Turawa. Ya ce in damina ta faɗi suna kan hanya, kakanku Malam yakan kira gayya a nome musu gonar bakin rafi da ya ara musu, kafin a taɓa tasa. Dattijon ya rantse sai na karɓi kyautar kankana daga hannunsa.

Baffa, na ji ana shirin sayar da gonar nan, a tashi jikokinsu da ke nomanta. Don Allah a dakata. Ni dai rabona na bar musu.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a. Kankanar nan har yau na kasa yanka ta.

Ɗanka,
Habu