Faifan da Kake Fassara Mini

Assalamu alaikum, Malam.

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ya faru jiya sai kai.

Gida lafiya. Inna ta fara cin abinci. An ɗauko babur ɗinka daga hanyar Sule Tankarkar, inda mota ta buge ka, an jingine shi a zaure. Ni ina cikin takaba, ko littattafan soyayyata ban iya buɗewa ba.

Ka tuna na'urar wasan nan mai cin faifai da ka sayo a kasuwar Maigatari? Wadda kake haɗawa da talabijin, jarumar nan mai takobi tana bin tsibiri tsibiri tana neman masoyinta? Faransanci faifan yake yi, kai kuma ka ce ka tsinci yaren a bakin iyaka. Duk sanda saurayin ya bayyana ya yi magana, sai ka dakata ka fassara mini. Ka ce yana cewa dariyarta ta fi ruwan randa sanyi ranar zafi. Ka ce yana cewa ko an raba shi da idonsa zai gane takunta a tsakar gida. Ni kuwa in yi ajiyar zuciya, in ce maka dubi yadda maza suke magana, ba irinka ba da sai dai ka tambayi ko tuwo ya nuna. Kai sai ka yi murmushi ka ci gaba da danne-dannenka.

Jiya Yaya Sale, wanka, ya kawo wani ɗan Damagaram mai jin Faransanci zai sayi na'urar kafin rabon gado. Suka kunna a falo, ina bayan labule. Da saurayin ya yi maganar nan, bakina ya suɓuce na faɗi fassararta. Cikin ladabi baƙon ya ce ba haka ba ne. Wai yaron cewa yake gada ta karye, a je wurin masunci a karɓo mabuɗi. Wai ma ba masoyin ba ne, ɗan aike ne. Ya ce duk faifan babu kalmar so ko ɗaya.

Malam! Ashe ba ka jin Faransanci? Ashe duk maganganun nan naka ne? Ni kake faɗa wa, ina zaune kusa da kai, ina yaba wani? Ina ɗan Turawa ya san randa? Yaya aka yi ban gane ba, ni da nake gane ƙarshen littafi tun daga babi na biyu?

Kunya ce ta hana ka faɗa da bakinka, na sani. Ni ma ita ta hana ni. Ban taɓa gaya maka cewa tun daga kwanar masallaci nake gane ƙarar babur ɗinka ba, in tashi in gyara ɗankwali.

Na aika wa Yaya Sale cewa ba za a sayar ba, a sa ta a kasona. Ya yi mamaki, amma ya yarda. Ba mu kai tsibirin ƙarshe ba. In na fita takaba zan kunna, saurayin zai yi magana, ba mai fassara mini.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu inda ba a buƙatar tafinta.

Matarka da ta makara wajen ganewa,
Saratu, Gumel