Fuskar Mama a Bakin Ƙofa

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Wai ina zanen Mama da ka ce za ka yi wa Baba? Wata bakwai ke nan da rasuwarta, wata shida da alkawarinka. Likita ya ce ɗaya idon Baba ma ya fara tafiya, nan da ƙarshen shekara sai dai ya ga inuwa. Kullum sai ya tambaya. Wallahi na gaji da kare ka.

Yayarka ta gaskiya ba ta ƙarya, ka amsa min.

Yaya,

Ina gaishe ki, a gaida Baba. Wata shida? Sai da na duba kalanda na yarda. Ni gani nake shekaranjiya na kafa allon.

Ba wasa nake ba. Irin wannan fentin sai ya sha iska kwana uku kafin a ɗora wani, ni kuwa na kasa jira. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo in kankare bakin Mama da wuƙa. Sau goma sha ɗaya ina sake shi. A hoton da kika aiko murmushi take, amma hannuna ya ƙi. Abin da ke fitowa kullum fuskar da ta yi ce a bakin ƙofa, ranar da na ɗaga mata murya na ɗauki jakata. Bai fi minti ɗaya ba, Yaya, amma ya fi min duk shekarun da na yi a gabanta tsawo. Ban ƙara ganinta ba. Ta yaya zan kai wa Baba matarsa tana fushi?

Ƙanenki.

Auta,

Kai dai da shegen taurin kai! Idon Baba ba zai jira hannunka ba. Sa zanen a kwali ka ba direba ranar Asabar, ko ya bushe ko bai bushe ba.

Yayarka.

Auta,

Salama. Ya iso. Baba ya sa na jingine shi jikin taga, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fentin. Shayinsa ya huce bai motsa ba. Na faɗa masa damuwarka. Sai ya ce, "Wa ya gaya masa fushi ne? Haka take yi in tana danne kuka. Ranar a ƙofar ta wuni."

Ya ce kar a gyara komai. Ya kuma ce ka taho wannan satin, yana so ya ga taka fuskar tun yana iyawa.

Sai ka zo,
Yayarka.