Hannunka na Dama, Ɗanjuma

Zuwa ga ƙanena Ɗanjuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a can bayan tekun da kake. Inna tana gaishe ka, haka ma autanmu Nura, da Malam maigidana da yara. Ruwa ya sauka, gero ya fito, an fara noman fari a gonar bayan gari.

Za ka yi mamakin ganin na rubuto maka a nan inda kowa ke karantawa, maimakon in tura ta wayarka. Ka san ni, magana ba ta kwana a cikina. Ban yarda da wayar nan taka ba ne. Tun bayan azumi ba mu yi magana da kai baki da baki ba, sai rubutu, rubutun ma gajere, babu tambayar lafiyar Inna, babu tsokanar da ka saba yi mini. In na kira, sai a katse, can anjima a rubuto wai kana aiki.

Maganar bidiyon da ka turo ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Na kalle shi har ban san adadi ba. Ga ka zaune a jirgin ruwa mai rumfar katako, ka sa rigar nan mai ruwan lemo da ake sawa don kada a nutse. Ruwan kore shar, kwance luf. Ga duwatsu sun fito daga cikinsa tsaye tsaye kamar manya-manyan surin gara, farare da ratsin baƙi, bishiyoyi sun tsiro a kansu, gindinsu duk ruwa ya zaizaye. Ka ce dutsen farar ƙasa ne, kuma suna da yawan da ba a ƙirgawa. Har jirgin ya kutsa da ku ta cikin wani kogo, duhu ya rufe, sannan kuka ɓulla wani ruwan da duwatsu suka kewaye. Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Ni da babban ruwan da na taɓa gani shi ne dam ɗin wajen Ɗambatta, sai da na yi tasbihi.

Ka ce kamfani ne ya kai ku yawon shaƙatawa. Ka ce komai lafiya, abinci lafiya, aiki lafiya, ka maimaita har maganar ta fara yi mini yawa. A ƙarshe ka ce akwai gurbi, a turo Nura.

Alhajin nan mai farar mota da ya yi maka hanyar tafiya, ya sami abin nunawa. Duk ranar kasuwa yana bin majalisun samari da bidiyon a hannu. Nura kuwa tun daga ranar da ya gan shi ƙafarsa ba ta taka ƙasa. Ya yi fasfo, ya sayar da ɗan bijiminsa, yana ta cewa shi ma sai ya shiga kogon nan. An ce masa ya shirya kafin a yanke gero.

Ranar da na je gida daga Bici inda nake aure, na kai wa Inna wayata ta ga bidiyon. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Na ɗauka duwatsun za ta kalla. Ko kallo ɗaya ba ta yi musu ba. Ta sa na maido shi baya, ta matso da wayar kusa da idonta, ta ajiye faifan waken, sannan ta tambaye ni abin da ya sami hannunka.

Sai a lokacin na gani. Wata mata ta matso da ƙaramin kwalekwale tana sayar da kwakwa, ta miƙo maka, ka karɓa da hagu. Aka kawo shinkafa da kifi, ka ci da hagu. Da za ka yi mana sallama, hagun ka ɗaga. Hannunka na dama yana cikin rigar ruwan nan tun farkon bidiyon har ƙarshensa, bai ko motsa ba.

Ɗanjuma, ni na goye ka. Na san yadda aka yi da kai a kan hagu. Kana ƙarami bahago ne kai, Inna ta sha buge maka hannu da ludayi a bakin akushi, kana kuka tana cewa ba a gidanta za a ci da hannun tsarki ba. Har ƙyalle ta taɓa ɗaure maka a wuyan hannun dama don ka riƙa tunawa. Ka girma ka fi kowa tsanani. Kai ne ka ƙi karɓar canji a hannun mai shayin tasha don ya miƙo da hagu, ka tsaya ƙyam har ya sauya. Kai ne kake kwaɗe 'ya'yana in sun yi kuskure. Yau kai ne za ka zauna gaban kamara, ka san Inna za ta gani, ka kai loma baki da hagu?

Nura ya yi mini gardama. Ya ce kamarar gaba tana juya hoto, dama ta koma hagu. Na so ƙwarai ya zama shi ne mai gaskiya. Na koma na duba. Tabon da jakin Baba ya yi maka a girarka ta hagu yake, kuma hannun da kake ci da shi yana gefe ɗaya da tabon. Ko an juya hoton ko ba a juya ba, tare za su tafi. Ban da haka ma, ba kai ke riƙe da wayar ba, wani ne yake ɗaukar ka.

Da na fara dubawa, sai abubuwa suka yi ta fitowa. Rigar da ke ƙarƙashin ta ruwan, ita ce shuɗiyar da ka bar gida da ita. Wuyanka ya yi tsawo. Akwai wani mai baƙin gilashi a bayanka, duk inda kamara ta juya yana nan, shi ba ya kallon duwatsu, ba ya cin abinci. Sauran samarin da ke jirgin kuwa, an kai su wuri mai kyau irin wannan, amma babu mai hira da ɗan'uwansa. Kai ma idonka ba ya tsayawa a kanmu, sai ya riƙa zamewa gefe kamar mai jiran a gyaɗa masa kai.

Na je wajen Alhajin. Ya yi dariya, ya ce mata da zargi, ya ce can ƙasar ba su damu da dama ko hagu ba, ka koyi zaman birni ne kawai. Na ce to ya kira ka a gabana. Ya ce yanzu dare ne a wurinku. Na koma da sassafe, ya ce babu sabis. Tun daga nan in ya hango ni a kasuwa sai ya ɗaga gilashin mota.

Ina jin tsoro, ƙanena, gara in faɗa maka. Ban sani ba ko ciwo ka ji, ko inji ne, ko duka ne. Wani lokacin kuma sai in ce da gangan ka yi, don ka san babu abin da Inna za ta fara gani sai wannan, bakinka yana cewa a turo Nura, hannunka yana cewa kada a turo. In haka ne, to saƙonka ya iso. Na ɗauke fasfon Nura, yana wurina a Bici. Ya daina gaishe ni, ya ce ina yi masa baƙin ciki, ya ce ni na tare masa arziki. Ya yi ta fushinsa. Ba zai taka jirgin kowa ba sai na ga abin da nake son gani.

Abin da nake so ba shi da yawa. Ba na son duwatsu, ba na son kogo. Ka tsaya ko a jikin bango ne, ka kira sunana da bakinka, ka ɗaga hannun dama ka buɗe yatsunka. In kuma wani ne yake karanta maka wannan, ko yake karantawa a madadinka, to ya sani kana da uwa da dangi, kuma mutanen garinmu duk sun ga wannan wasiƙa.

Inna ba ta ƙara neman a nuna mata bidiyon ba. Jiya da zan taho ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta saba ba. Ta ce in rubuta maka cewa ta yafe dukan ludayin, kai ma ka yafe mata. Ta ce in ma hannun babu shi ne, kada kunya ta hana ka dawowa, ka taho a haka, ita za ta riƙa ba ka a baki da nata.

Allah Ya tsare ka a kan ruwa da kan tudu. Allah Ya kuɓutar da kai daga hannun duk wanda ya fi ƙarfinka, Ya buɗe maka hanyar gida, Ya sa Inna ta gan ka da idonta. Amin.

Taka har kullum,
Yayarka Hadiza