Wai Umra Za Ni

Laraba, Baure, bayan isha'i

Shekarata uku a asibitin garin nan, iyalina suna can Jos. Ni da uwargida mun tsara kwana biyar a Zanzibar, mu zauna bakin teku inda ba mai kiran sunana. Kuskurena, na bar fasfo a kan tebur. Kafin la'asar gari ya ɗauka wai Umra za ni.

Ɗazu Inna Rabi mai hawan jini ta kawo mini zakara. "Likita, in ka ga Ka'aba ka ambaci ɗana, shekara bakwai ba haihuwa."

Ba laifinta ba ne, a nan wa ke hawa jirgi don kallon ruwa? Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji na ce, "Inna, yaya sunansa?"