Na Ji Faɗuwarta Ta Waya

Assalamu alaikum Anti Zulfa. Don girman Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat.

Ina koya wa mata motsa jiki a nan Zango. Asabar da Lahadi muna haɗuwa a filin wata makaranta bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Amma 'yan kasuwa da masu koko ba su da safiya, sai na buɗe musu aji ta kiran bidiyo, Litinin da Alhamis bayan la'asar, kowa a ɗakinta. Yawancinsu suna rufe kyamara domin sun cire mayafi, kuma kin san mutanenmu, ba mai son hotonta ya yi yawo. Ba na ganinsu, ina ƙirga ne suna amsawa.

Kwana tara da suka wuce, ranar Alhamis, muna cikin tsuguna-tashi sai na ji tim! kamar an yar da buhun shinkafa. Na kira sunaye, kowa ta amsa ban da Mma Memuna, dattijuwa mai sayar da atamfa, wadda ta fi kowa surutu a aji. Anti, shekara guda tana ajina amma ban san gidanta ba! Abin da na sani kawai a unguwar Akwatialine take. Na fita da gudu ina bin lungu-lungu, Memuna uku aka nuna mini, duk ba ita ba. Layinta yana buɗe a hannuna, ina jin fanka tana juyawa a ɗakinta, ina ƙwala mata kira babu amsa. Sai gab da magariba na sami gidan, ni da maƙwabta muka ɓalle ƙofa, domin ta kulle kanta kada jikoki su shigo. Tana kwance, goshi a fashe.

A asibiti aka yi mata ɗinki, aka ce sugarta ce ta yi ƙasa. Da ta farfaɗo ta riƙe hannuna ta faɗa mini azumin Alhamis take yi a ɓoye, likita ya hana ta saboda ciwon suga, 'ya'yanta ba su sani ba. Ta haɗa ni da Allah kada in faɗa. Shi kuwa ɗanta Fataw, kafinta a unguwar Anloga, har ƙofar gidanmu ya zo yana cewa tsalle-tsallena na banza ya kusa kashe masa uwa. Na haɗiye maganar.

Tun ranar ban sake buɗe aji ba, har na filin. Ko cokali ya faɗi sai gabana ya yanke. Su wa kuma ke azumi ban sani ba? Ni da kaina na zaɓi Litinin da Alhamis, ko sau ɗaya ban yi tunanin azumin nafila ba. Ga Mma Memuna ta aiko wai za ta dawo. In bari ne gaba ɗaya? In faɗa wa Fataw? Idan ta sake faɗuwa fa?

Mai Tsoron Alhamis, Zango, Kumasi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara gode wa Allah, kin ji faɗuwar kuma kin tashi kin nema. Da wata ce, da ta ce layi ne ya yanke.

Amma ba zan wanke ki tas ba. Kin sa dattawa aikin gumi bayan la'asar a ranakun da rabin Zango ke nafila, kuma kin karɓi mutum a aji ba ki san ƙofar gidanta ba. Kuskure ne mai gyaruwa, bai kai na rufe aji ba. Matan nan masu hawan jini da ciwon gwiwa suna buƙatarki.

Ki mayar da ajin waya Talata da Laraba. Kowace ɗaliba ta ba ki kwatancen gidanta, da lambar wani da ke cikin gidan, ta faɗa miki ciwonta da maganin da take sha. A tura ƙofa, kada a sa sakata. Wadda ba ta son kyamara ba dole, amma bayan kowane zagaye ki kira suna ta amsa. Ki tambaye su a keɓe ko sun ci abinci, domin ba mai tallar nafilarta a gaban jama'a. A filin ma haka: ruwa, inuwa, a share duwatsu, kuma ki san asibiti mafi kusa. Ki nemi horon taimakon gaggawa.

Saura Mma Memuna. Amana abu ne mai nauyi, na sani, kuma Fataw ba mugu ba ne, tsoro ne ya sa shi ɗaga murya, irin naki. Amma wannan sirrin yana iya cin rai. Kada ki zagaya bayanta. Ki je ki durƙusa, ki ce mata ba za ki iya riƙe shi ba, ki ba ta kwana uku ta faɗa wa ɗanta da bakinta, in tana so kina zaune. Ta tambayi malaminta hukuncin nafila ga mara lafiya. Ba ta dawowa aji sai likita ya yarda.

Wataƙila ta yi fushi, ta daina amsa gaisuwarki a kasuwa. Ki jure. Gara ta yi miki shiru tana zaune a rumfarta da irin shirun da kika saurara ranar Alhamis.

Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya kwantar miki da hankali.

Anti Zulfa